Murmushi a Marmaro Tara

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a birnin Guangzhou ba, ko da na so in manta, kuma wallahi na so. Shekara shida ke nan, na yi aure, na haihu, na canza gida sau uku, amma har gobe in ina tsaka da alwala abin ya faɗo mini a rai, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in tsaya da buta a hannu ina cewa kaico ni kaɗai. Matata ta saba. In ta ji ni sai ta ce, "Tsohon nan naka ne kuma?" In ce mata shi ne.

Karatu ne ya kai ni ƙasar Sin. Na yi shekara biyu ina koyon Sinanci a wata jami'a, daga nan na zama tafinta, ina raka 'yan kasuwar Kano da ke zuwa sarin kaya. Duk wanda ya san ni a lokacin ya san ina ji da kaina. Alhazan da nake rakawa kalma uku suka iya: nihaw in za su gaisa, shiye-shiye in za su gode, sai meyo, wato babu, wadda suka koya dole saboda yawan jin ta a bakin masu shago. To a cikin irin waɗannan mutane, wanda ya iya haɗa jimla biyar ai shi ne sarki. Suka laƙaba mini Shehin Canis, ni kuma na karɓi rawanin na naɗa har da kunnuwa biyu (ba wanda ya naɗa ni, ni na ɗauka da gaske).

A cikin manyan gine-ginen sari da ke titin Liuhua akwai wani shagon mayafai da nake yawan kai mutane. Mai shagon wata mata ce mai suna Fang, mai zafin nama da saurin magana, wadda mutanenmu suke kira Hajiya Fang don tsokana, ita kuma tana amsawa. A can ƙuryar shagon, bayan tulin kaya, mahaifinta yake zama a kan wata kujerar gora da ɗan teburin shayinsa. Sunansa Malam Liang, tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya. Siriri ne, gashinsa fari fat, ba ya saye ba ya sayarwa, aikinsa dafa shayi da kallon mutane. Wata rana ina jiran a gama ɗaure wa wani Alhaji kaya, ya ji na yi wa 'yarsa magana, sai ya yafito ni da hannu, ya gyara mini yadda na furta wata kalma, ya miƙo mini ɗan kofin shayi wanda bai fi murfin kwalba ba. Daga ranar na samu wurin zama.

Shi ya fara nuna mini abin da suke kira chengyu, wato karin maganarsu mai kalma huɗu cif. Ranar farko ya rubuta mini ɗaya a bayan wata tsohuwar takarda: jing di zhi wa, kwaɗon da ke ƙasan rijiya, wanda in ya ɗaga kai ya ga ɗan da'irar sararin sama sai ya ɗauka iyakar duniyar ke nan. Na yi zumbur na ce ai mu ma muna da shi, sai dai namu kifi ne, kifin rijiya. Tsohon nan ya yi dariya har da tari. Ya ɗauko wani ɗan littafi ya sa na rubuta masa da Hausa, ya yi ta maimaita "kifin rijiya" har Hajiya Fang ta ce mana mu rage murya muna korar mata masu saye. Nan muka ƙulla: duk Asabar da hantsi zan zo, ya ba ni nasu ɗaya, in ba shi namu ɗaya.

Mun yi kusan shekara biyu a haka. Ya ba ni hua she tian zu, labarin mutumin da aka yi gasar zana maciji da shi, ya riga kowa gamawa, da ya ga yana da sauran lokaci sai ya ƙara wa macijinsa ƙafafu, aka ce ai wannan ba maciji ba ne, kyautar ta wuce shi. Na ba shi garin neman gira a rasa ido. Ya koya mini riƙe alƙalaminsu mai bakin gashi, ni da na yi makarantar allo ban sha wahalar tawada ba. In na yi mura shi ke haɗa mini wani ruwan citta mai ɗaci. In azumi ya zo sai ya kife kofunansa, ya ce ba zai sha shayi a gabana ba. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, kuma ba na jin kunyar faɗa, a wajen tsohon nan na fara ɗanɗana abin da ake nufi in an ce mutum yana da uba.

Sai dai akwai abin da ya sha gaya mini wanda bai shiga kunnena ba. Yakan ce, "Kalma huɗun nan murfi ne kawai. Sai ka buɗe kwanon ka ga abin da ke ciki. Kowace tana da labari a bayanta, kar ka ɗauki murfin ka tafi." Ni kuwa in gyaɗa kai ina duba wayata. A lissafina na riga na gano sirrin abin: kowace karin maganar Sinawa tana da 'yar'uwarta a Hausa, in na karanta kalmomin huɗu na laluɓo tamu da ta yi kama da ita, shi ke nan an gama. Labarin sarakunan da suka mutu shekara dubu biyu kuma, wannan na masu lokaci ne.

Ana nan sai Hajiya Fang ta ce mini mahaifinta zai cika shekara saba'in, za a yi liyafar cin abincin rana, kuma ina cikin waɗanda aka gayyata. Ta ƙara da cewa, tana hararata, an sha rigima a gida a kaina. Dangi sun so a yi a gidan abincin da suka saba, tsohon ya ce sam, in ba a inda ɗalibinsa zai iya cin abinci ba to a fasa. Dole aka kama wuri a wani gidan abincin Musulmi da ke kusa da Masallacin Huaisheng, mutum kusan arba'in suka haƙura da naman da suka fi so saboda ni kaɗai.

"Za a ba ka dama ka yi magana," in ji ta. "Kar ka ja da tsawo. Ka ce shou bi nan shan, tsawon rai kamar Dutsen Kudu. Shi ke nan, ka zauna."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce Allah ya kiyaye. Wannan ai ita ce kowa zai faɗa, har 'yan yaye sun iya ta. Ni Shehin Canis guda, a tara mutum arba'in saboda ni, in tashi in faɗi abin da aka buga a jikin kowace jakar kyauta? Na ƙudura sai na zo da wadda ba wanda zai zo da ita, wadda za ta sa tsohon ya kalli danginsa ya ce kun ga ɗalibina. Kuma tunda ba-zata nake so in yi, ba zan tambaye shi ba, ba zan tambayi 'yarsa ba, ba zan tambayi kowa ba.

Na buɗe wani tsohon littafin karin magana da na saya a bakin titi, na bi jerin waɗanda ke da kalmar murmushi a ciki, don Malam Liang mutum ne mai fara'a. Idona ya faɗa kan wata: han xiao jiu quan. Duk kalmomin huɗu na san su, ba baƙuwa ko ɗaya. Han, ɗauke da abu a baki. Xiao, murmushi. Jiu, tara. Quan, marmaro. Ɗauke da murmushi a marmaro tara! Na ajiye littafin na tafa. Ku duba fa, ni ɗan unguwar da muka taso muna sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, a ce mutum yana zaune yana murmushi ga idon ruwa har tara suna ɓuɓɓugowa a gabansa, wace ni'ima ta wuce wannan? Ga shi kuma an taɓa gaya mini Sinawa suna son lambar tara, saboda furucinta ɗaya da kalmar daɗewa. Murmushi, ruwa, daɗewa. Bayanin karin maganar yana nan a ƙasanta da ƙananan rubutu, layi uku kacal. Ban karanta ba (na sha tambayar kaina dalili, amsar ɗaya ce: mai rawani ba ya duba ƙananan rubutu).

Na sayo jar takarda doguwa, na yi mako uku ina gwaji a ɗakina har na ɓata fiye da ashirin. Da na kai wa masu rubutun kasuwa su rubuta mini da sun tsayar da ni, amma na ce da hannuna zan yi. A ƙarshe na fitar da ɗaya da ni kaina na tsaya ina kallo ina yaba wa kaina.

Akwai wani Alhaji Mamuda, ɗan Kantin Kwari, wanda ya fi shekara goma yana sarin mayafai a shagon, shi ma an gayyace shi tunda yana gari. Dattijo ne mai barkwanci, ga murya kamar ta ladan. Ana jibi liyafar muka haɗu bayan sallar Juma'a, ya buɗe jaka ya nuna mini wani agogon bango mai ruwan zinariya da ya saya wa tsohon. Na dafe kai.

"Haba Alhaji! Ai da ka kashe mu. Ba a ba Basine kyautar agogo. A yarensu, ba da agogo da raka gawa furucinsu ɗaya ne. Mutanen nan ba sa son a ambaci mutuwa ko da wasa, balle a ranar murna."

"Kai, Shehi, Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Ka ga amfanin tafiya da mai ilimi. To me zan kai?"

Na sa ya sayi ganyen shayi mai tsada. Na yi masa wa'azi na kusan rabin awa a kan al'adun Sinawa, muna tafe a titin Guangta, ina ɗaga yatsa. Na kuma ce masa in na gama jawabina ranar Lahadi ya taya ni da amin mai ƙarfi, don addu'a ce zan yi.

Ranar Lahadi na saka farar shadda da hula zanna, na fesa turare kamar ango. Teburi huɗu ne masu zagaye, aka zaunar da ni a na tsohon, kusa da shi, wurin da ya kamata a ce ƙaninsa ne ya zauna. Malam Liang ya sa jar riga, ya ɗan rame a idona amma na ɗauka rigar ce ta yi masa yawa. Aka kawo doguwar taliyar nan da ba a yankawa, wadda suke ci don fatan tsawon rai. Dangi suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, kuma kamar yadda na zata, mutum shida a jere Dutsen Kudu suka ambata. Ina zaune ina murmushin tausayinsu.

Da aka zo kaina na miƙe, na gyara hula, na yi godiya da Sinanci mai tsabta har na ji ana ƙus-ƙus ɗin yabo. Na ce wannan bawan Allah ya zame mini uba a ƙasar da ba ni da kowa. Idon tsohon ya kawo ruwa. Da na tsaya a nan, da yau wani labarin nake ba ku. Sai na kwance jar takardar, na ba Alhaji Mamuda gefe ɗaya ya riƙe, muka ware ta kowa ya gani. Na ɗaga murya na ce ina yi wa malamina fatan han xiao jiu quan. Kuma don abin ya ƙara armashi, na sa wasu kalmomi biyu nawa na kaina a gaba, irin waɗanda ake sawa in ana yi wa mara lafiya fatan sauƙi. Ma'anarsu: da wuri.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Wani ya saki tsinken cin abincinsa ya faɗi ƙasa, na ji ƙararsa sarai. A cikin wannan shirun Alhaji Mamuda ya cika alkawari, ya buɗe muryar nan tasa ya ce, "Amin! Amin ya Rabbi!" har da shafa fuska da hannu ɗaya.

Wata tsohuwa, ƙanwar Malam Liang, ta yi tofi gefe sau uku tana faɗin wasu kalmomi da sauri. Hajiya Fang ta miƙe, kujerarta ta kife, ta toshe baki da hannu ta fita. Ni kuwa ina tsaye riƙe da gefen takarda, murmushina bai gama sauka ba, ina jiran tafi. Malam Liang ya jawo hannun rigata, na sunkuya, ya yi mini raɗa.

"Ɗalibina, ka san ina ne marmaro tara?"

Na ce wurin ni'ima ne mai yawan ruwa.

"Ƙarƙashin ƙasa ne," in ji shi. "Inda matattu suke. Ana faɗin wannan ga wanda ya riga ya mutu, a ce yana murmushi a kabarinsa don ya bar baya da kyau."

Wato an tara wa mutum danginsa, a ranar cikarsa saba'in, a wurin da ya zaɓa saboda ni, na rubuta da hannuna na kuma karanta da bakina cewa ina masa fatan ya shiga kabari da wuri. Aka kuma ce amin.

Mai hankali a nan zai ba da haƙuri ya zauna. Ni sai na ce bari in gyara. Na juya ga jama'a, na fara bayani cewa a ƙasarmu babu addu'ar da ta fi a roƙa wa mutum kyakkyawan ƙarshe, cewa mu kullum muna ce wa dattawanmu Allah ya sa a cika da imani, su kuma su ji daɗi su sa mana albarka, cewa ai kowa zai mutu, yaro da babba, ba wanda ya san gawar fari. Gaskiya na faɗa, amma a wannan ɗakin na ambaci mutuwa sau biyar a cikin minti ɗaya. Tsohuwar nan ta toshe kunnuwanta. Tsohon ne ya cece ni: ya fashe da dariya, dariya ta gaske har yana buga tebur, ya karɓi takardar ya naɗe ta a hankali ya ajiye a gefensa.

"Rubutun ya yi kyau," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Sai dai ƙafar kalmar ƙarshe ta karkace. Zauna ka ci taliya kafin ta huce."

Na zauna. Ban san me na ci ba. Alhaji yana ta zungurina yana tambaya, "Shehi, lafiya? Me ya faru? Ko amin ɗin ce ta yi yawa?" Da aka fara watsewa na sulale zan gudu, sai na ci karo da Hajiya Fang a bakin matakala, idanunta sun yi ja. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Wata ɗaya da ya wuce likitoci suka gano ciwo a hantarsa. Ba mu gaya masa ba, ba mu gaya wa dangi ba. Na haɗa wannan taron ne don ban sani ba ko zai ga na baɗi." Ta wuce ta bar ni a tsaye.

A cikin tasi na fassara wa Alhaji komai. Ya yi salati, sannan ya juyo ya dube ni.

"Shehi, ni ka hana ni kai agogo, kai kuma ka kai likkafani. Har ka sa ni na riƙe maka gefe."

Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba. Kafin ya sauka ya ce, "Gobe da safe ka koma ka durƙusa ka ba su haƙuri. Kar ka bari ta kwana biyu." Na ce to, in sha Allahu. Bayan kwana biyu ya hau jirgi ya koma Kano.

Ban je ba. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. Duk lokacin da na sa takalmi sai in ga fuskar Hajiya Fang a bakin matakala, in cire. Ran Alhamis saƙo ya shigo wayata daga Malam Liang. Ba gaisuwa, ba komai, kalma huɗu ce kawai: wang yang bu lao. Ba mu taɓa yin wannan da shi ba, amma kalmomin duk na san su. Tunkiya ta ɓace, a gyara shinge.

Yanzu fa za ku ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, lalle wannan karon na buɗe littafi. To ban buɗe ba. Ina karantawa 'yar'uwarta ta Hausa ta faɗo mini: ihu bayan hari. Tunkiya ta riga ta tafi, gyaran shingen me? Na ce shi ke nan, tsohon ya yi dariya a gaban mutane don ya rufa mini asiri, yanzu kuma ya gaya mini gaskiya cikin ladabi irin nasu: ɓarnar ta riga ta auku, kar in wahalar da kaina da zuwa. Na kife wayar na yi kuka kamar yaro. In na faɗi gaskiya, akwai wani ɓangare na zuciyata da ya ji sanyi, don fassarar ta ba ni izinin yin abin da dama nake so, wato ɓuya. Shi ya sa ban bincika ba. Na ji tsoron in duba in tarar dole in je.

Na daina bin layin shagon. In Alhazai suka nemi mayafai sai in kai su wani bene, in ce can ya fi sauƙi. Sau biyu lambar Hajiya Fang ta kira ni, ina kallo har ta katse, na ce zagi ne, kuma na cancanta, amma ba zan iya ji ba. Asabar ta zame mini ranar ciwon kai. Haka na yi wata huɗu.

Alhaji Mamuda ne ya dawo ya tarar da ni a haka. Da ya ji ban je ba, ya tsaya a tsakiyar titi ya yi mini tatas. "Kai wane irin mutum ne? Mutumin da ya ɗauke ka ɗa? Wuce mu je, ko in ja ka da hannu a gaban Canisawa." Na bi shi kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Tun daga bakin shagon na ga kujerar gorar babu kowa, an ɗora mata ƙullin kaya. Hajiya Fang ta ɗago ta gan ni. Ta sallami mai sayen da ke gabanta, ta zauna, ta ce mako uku ke nan da rasuwarsa.

 Karin magana ɗaya tak na sani a yarensu da ta dace da wannan wuri, na kuma riga na kashe ta a inda bai kamata ba. Na tsaya kawai ina kallon ƙasa.

"Ni na yi fushi da kai," in ji ta. "Shi bai yi ba ko na minti ɗaya. Ashe ya san ciwonsa tun kafin mu sani. Ya ce a cikin mutum arba'in kai kaɗai ka gaya masa gaskiya, ko da ba da niyya ba. Takardarka ya sa na kai masa asibiti, duk ma'aikaciyar jinyar da ta shigo sai ya ba ta labari yana dariya. Kowace Asabar sai ya tambaye ni ko ka zo shago. Sau biyu ya sa na kira ka. Me ya hana ka zuwa? Ai ya aiko maka saƙo."

Na ce na gani. Na ce ai shi ya ce kar in zo. Na buɗe wayar na nuna mata, na fassara mata yadda na fahimta: tunkiya ta tafi, gyara ba shi da amfani.

Ta dube ni. Sannan ta ce, a hankali kamar mai yi wa ɗan aji ɗaya bayani, "Wannan rabin zancen ne. Kowane yaro a ƙasar nan ya san sauran. In tunkiya ta ɓace ka gyara shinge, ba ka makara ba. Ba ka makara ba, shi ne ma'anarta. Cewa ya yi ka zo."

Alhaji bai ji abin da ta ce ba, amma ya ga fuskata. Bai tambaye ni fassara ba, ya kama kafaɗata ya zaunar da ni a kan wani ƙullin mayafai. A nan na zauna, ƙato da ni, da hula da komai, ina kuka a tsakiyar kasuwa masu turin kaya suna ratsa ni suna wucewa.

Kuskuren farko kunya ya jawo mini, kuma kunya ba ta kisa, yau ga shi har ina ba ku labari kuna dariya. Na biyun ne ba ya ba ni dariya. Asabar goma sha uku tsohon ya yi yana jira, ni kuma ina can ɗaki tasha uku kacal a jirgin ƙasa, ina jinyar fassarar da na yi wa kaina. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to ni nawa da hannuna na ɗaura, na kuma ƙara ja da ya fara kwancewa.

Har yanzu tafinta nake yi, kuma an ce na iya. Sai dai yanzu ko Bahaushe ne ya jefo mini karin magana, nakan tsaya in ce, "Malam, me kake nufi?" ko da za a ce mini baƙauye. In kuwa aka aiko maka saƙo ka kasa tantancewa ko zo ake nufi ko kar ka zo, shawarata ita ce ka sa takalminka ka tafi. Gara a kore ka da baki da ka kori kanka da fassara.